Sallama ko Albashi? Muhawarar Zaurenmu a Kan Yaran Shago

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka fara jiya a majalisa bayan isha'i ba ta mutu ba, don haka na kawo ta nan. Kun san abin da ya faru a layinmu. Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka raba shago, shi kuma wanda ya riƙe shagon shekara 14 aka miƙa masa ambulan da shadda biyu aka ce Allah ya saka da alheri. Kada kowa ya kama suna. Da surutu ya yi yawa, Alhaji Na-Kwari ya ce yaron shago ba ma'aikaci ba ne, ɗa ne, sallama ce tasa ba albashi ba, kuma ranar da aka shigo da albashi da takarda cikin kasuwa ranar za a kashe ta. Alhaji, in na ƙara gishiri ka gyara. Ba zagi, ba kuma saƙon murya mai minti goma.

Alhaji Na-Kwari: Wa alaikumus salam. Haka na faɗa kuma ina nan a kai. Abin da magadan nan suka yi ban yaba ba, na gaya wa babbansu ido da ido. Amma laifin magada daban, laifin tsari daban. Ni a hannun mutum na tashi. Na share shago, na ɗauki dila a ka daga mota zuwa sito, na kwana a soron gidansa. Bai taɓa ƙirga mini albashi ba. Ya ciyar da ni, ya yi mini aure, da lokaci ya yi ya ba ni rumfa da jari, sannan ya kama hannuna ya kai ni wurin masu ba shi kaya ya ce wannan nawa ne, ku ba shi bashi. Wannan maganar ta fi jarin tsada. Ku zagaya kasuwannin Kwari da Singa da Ƙofar Ruwa a nan Kano ku tambayi masu shaguna, su nawa ne suka fara da albashi? Tun zamanin fataucin goro haka ake yi. Alhassan Ɗantata da yara ya yi kasuwancinsa, yana ba su kuɗi suna shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, wasunsu suka zama attajiran kansu. Mai albashi ƙarshen wata yake jira, ko an yi ciniki ko ba a yi ba duk ɗaya ne a wurinsa.

Akanta: Allah ya ƙara girma Alhaji. Bari in taɓa lissafi, tunda shi na iya. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 N70,000 ne a wata. A shekara N840,000 ke nan, a shekara 10 kuwa N8,400,000 a kuɗin yau. Cire abinci, cire kuɗin mota, cire ɗinkin salla, kai cire rabi gaba ɗaya. Saura N4,200,000. A cikin yaran da ake sallama bayan shekara 10, su nawa ne ke fita da jarin da ya kai haka? In sallama ta fi albashi, ai ya kamata ta fi shi a ƙirge.

Alhaji Na-Kwari: Ka sa auren a lissafin naka? Lefe, kuɗin haya, ragon suna, asibitin matarsa? Ka sa sanin kasuwa? Makarantar da ka je kai aka biya wa kuɗi ko kai ka biya?

Akanta: Makarantar da na je shekara huɗu ce Alhaji, kuma ranar da na shiga na san ranar fita.

Hajiya Mai Ɗinki: To ai magana ta zo wurin. Alhaji, labarinka mai daɗi ne saboda ka dace da mutumin kirki, kuma Allah ya ba shi tsawon rai har ya cika maka. Waɗanda ba su dace ba ba sa cikin zauren masu shago, shi ya sa in ka zagaya kasuwa kana tambayar masu shago ba za ka ji muryarsu ba. Je ka tashar masu adaidaita ka tambaya, za ka samu wanda ya yi shekara tara a shago ya fito da wayar hannunsa kawai.

Shugaban Zaure: Wani ya turo mini ta gefe ya ce in saka, kada in faɗi sunansa saboda maigidansa yana da 'yan uwa a nan. Ga shi yadda ya rubuto:

"Ni yanzu haka a shago nake. Ban ce maigidana mugu ne ba, wallahi ba ya zagina, kuma ya yi mini aure. Amma 'ya'yana biyu, kuma har yau in yaro ba shi da lafiya sai na tsaya na jira fuskarsa ta saki kafin in roƙi kuɗin magani. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni na san wanda ake bi da wanda ke bin mu. In ya tafi Umara wata guda ba abin da ke tsayawa. In na ɗauko maganar sallama sai ya ce kasuwa ba kyau, a bari bayan salla. Na daina ƙirga sallolin. Abin da ya fi damuna ba talaucin ba ne, rashin sanin inda na dosa ne. Kuma ku faɗi gaskiya, yaran da ake cewa suna taɓa kuɗin ciniki, da yawansu sallamar kansu suke yi da kaɗan-kaɗan saboda sun fid da rai. Ban ce daidai ba ne."

Alhaji Na-Kwari: Sata sata ce, kada a yi mata kwalliya.

Malam Ƙarami: Haka ne, cin amana ba shi da uzuri. Amma Alhaji, ina da tambaya ɗaya, kuma ina so ka amsa kafin in ci gaba. Sallamar nan, kyauta ce ko haƙƙi?

Alhaji Na-Kwari: Allah ya gafarta Malam, alheri ne da maigida ke yi wa yaronsa. Al'ada ce kuma kowa ya san ta.

Malam Ƙarami: To nan ne gizo ke saƙa. In kyauta ce, a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai bayarwa ya rasu, ta ɓaci. Ta koma cikin dukiyar magada. Ke nan magadan layinmu ba su ci haƙƙin kowa ba a hukunce, kuma shekara 14 ta tafi a kan alkawarin da ya mutu tare da mai shi. In kuwa haƙƙi ce, wato ladan aiki ce, to jinga ce, kuma jinga ba ta inganta sai an san ladan kuma an san wa'adi ko aikin. "Zan sallame ka in lokaci ya yi" ba lada sananne ba ne. Malamai suka ce in aka yi aiki a kan jingar da ta ɓaci, ana biyan ma'aikaci ladan da ake biyan irinsa. Wannan kuwa bashi ne, kuma bashi ana fitar da shi kafin a raba gado, ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita haka. Ba zai yiwu ranar da kake son yaro ya tsaya ka nuna masa sallama a matsayin haƙƙi, ranar da ya tambaya kuma ta koma alheri ba.

Duba Suratul Ƙasas. Dattijon Madyana da zai ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aiki, ya faɗi shekara takwas, in ya cika goma daga wurinsa ne. Ga aure a cikin maganar, ga surukuta, ga mutunci, amma duk da haka aka ambaci adadi. Ambaton adadi bai rage zumunci ba.

Alhaji Na-Kwari: Malam, ai na ji a wurin karatu cewa ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan ci da tufafinsa.

Malam Ƙarami: Ka ji daidai, Malikiyya sun halatta. Amma sai a gaya masa tun ranar farko: ladanka ci da tufafi ne, babu wani abu a gaba. Gwada faɗa wa saurayi haka ka ga ko zai yi maka shekara 14.

Barista: In ƙara da ɓangaren doka, don kada a ɗauka tana bayan yaron sosai. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma rufe masu aikin kamasho ko masu karɓar lada gwargwadon abin da suka yi ba. Ke nan kusan duk shagunan Kwari suna wajenta, lissafin Akanta ma'auni ne kawai. Amma dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayanin aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Ta kuma yi magana a kan koyon sana'a: yarjejeniya a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida, kuma kada wa'adin ya wuce shekara biyar. Dokar tun shekarun 1970 take. Matsalata a ofis ita ce, mutum zai zo da kuka, in ce ina shaida, ya ce kowa a layin ya sani. Ranar zaman kotu kowa a layin yana da uzuri, domin shagonsa yana kusa da na wanda ake ƙara.

Ɗan Anacha: Ni na zauna da Inyamurai, a Anacha da nan Sabon Gari. Tsarinsu da namu ɗan uwa ne, amma su kafin yaro ya bar ƙauye sai dangi sun zauna da dangi, a faɗi shekaru, galibi biyar zuwa bakwai. Ranar sallama ma taro ake yi. Maigidan da ya ƙi sallama zai ji kunya a ƙauye lokacin Kirsimeti, ƙungiyar kasuwa ma za ta kira shi. Kada ku ɗauka aljanna ce, su ma akwai masu ƙirƙiro wa yaro laifin sata a shekarar ƙarshe. Bambancin shi ne yaron yana da ranar da zai nuna ya ce ta wuce. Kuma ba albashi suke biya ba, Alhaji. Ke nan wa'adi bai kashe tasu kasuwar ba.

Alhaji Na-Kwari: Su ne su, mu ne mu. Kuma ku masu biro kuna magana kamar riba tana zuwa kowane wata. Ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 kun ga atamfofin da aka shanya a titi? Gobarar Sabon Gari ta 2016 fa? Dala tana wajen N460 a farashin gwamnati a farkon 2023, zuwa farkon 2024 ta haura N1,500. Wanda ke ɗauko kwantena biyu ya koma ɗauko rabi. A irin wannan lokacin yaron gida yana haƙuri da kai, ku ci tuwo tare ku sha ruwa tare. Mai takarda zai miƙo hannu ranar 30 ga wata, in babu ya kai ka wurin Barista. Ƙarshenta mai shago ya ce ba zai ɗauki kowa ba sai ɗansa. Wa aka cuta? Yaron ƙauye da ba shi da kowa, wanda da ta wannan ƙofar zai shigo.

Anti Malama: Wannan maganar ta ƙarshe tana da nauyi, kada a tsallake ta. Ina koyarwa a sakandaren gwamnati, na san inda ɗalibaina maza ke zuwa in sun gama. Kasuwa ce ke kwashe su, ba ofis ba. In aka tsaurara har iyayen gida suka rufe ƙofa, titi za su koma.

Malam Ƙarami: Shari'a ba ta bar wannan ba amsa. Akwai ƙiradi: jari naka, aiki nasa, riba a raba a kan kason da aka faɗa tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. In an yi asara ba da sakacinsa ba, kai ka yi asarar kuɗi, shi ya yi asarar wahalarsa. Shekarar ambaliya ba wanda zai miƙo maka hannu. Amma shekarar da aka ci riba, sai an buɗe littafi a gabansa.

Hajiya Mai Ɗinki: Buɗe littafin nan shi ne abin da ba a so, Malam, ba albashin ba.

Alhaji Na-Kwari: Hajiya, a yi mana adalci.

Hajiya Mai Ɗinki: Adalcin nake yi Alhaji. Ni ma mai ɗaukar mutane ce, ba 'yar kallo ba. Teloli da masu aikin wuya da masu guga duk suna ƙarƙashina, kuma ba don tsoron Allah kaɗai nake kyautata musu ba, har da tsoron azumi. Kowa a sana'armu ya san abin da ke faruwa in salla ta matso: tela mai hannu ya samu wanda ya ƙara masa ɗari biyar a kan riga ya tafi, ya bar ka da kayan mutane a yanke. Sabon da za ka ɗauko sai ya ɓata shadda uku kafin ya gane yadda kwastomominka ke so. Shi ya sa bayan salla, lokacin da ɗinki ke mutuwa, ba na cewa kowa ya tafi sai na neme shi. Akwai ɗan abin da suke karɓa ko ba aiki, kuma sun san nawa ne. Yana ci mini rai a watan Shawwal, amma a Ramadan ina barci. Masu cewa ma'aikaci kashe kuɗi ne ba su taɓa zama sun lissafa abin da tafiyarsa ke ci ba.

Akanta: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ya faru da Henry Ford a Amurka. A 1913 sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya riƙe guraben aiki kusan 14,000, saboda mutane na shigowa suna gudu. A Janairun 1914 ya mayar da ladan yini dala 5, sama da ninki biyu, ya rage awoyin aiki daga tara zuwa takwas. Gudun ya ragu ƙwarai. Ba waliyyi ba ne, har gidajen ma'aikata yake tura masu bincike su ga yadda suke zaune kafin a ba su cikakken kuɗin. Lissafi ya yi.

Manaja: Ku bar Ford a inda yake. Shi mota yake ƙerawa wadda duniya ke layi a kanta, ribarsa za ta ɗauki ninki biyu. Ni a kamfanin roba nake a Sharaɗa. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi daga wajen N68 zuwa N225 a kan kowane yunit, dare ɗaya. Tallafin mai an cire tun Mayun 2023, kuɗin dako ya hau. Ɗanyen kaya da dala ake saye. Bokitin da muke yi in muka ƙara masa naira ɗari, dillali ya koma wurin maƙwabcinmu. A duk abin da ke cikin lissafin, wuta ba ta jin roƙo, banki ba ya jin roƙo, kwastan ba ya jin roƙo. Lebura ne kaɗai ake iya cewa ya yi haƙuri. Ban ce yana da kyau ba, na faɗi yadda ake yanke shawara ne a ofis. Shi ya sa ake ɗauko su ta hannun ɗan kwangila, kullum a biya, babu fansho babu komai. In ka tilasta a mayar da kowa na dindindin, wasu injinan za a kashe, kuma waɗanda ke tsaye a bakin get da asuba suna jiran a zaɓe su, gida za su koma hannu rabbana.

Barista: Manaja, na yaba da ka faɗa ba rufa-rufa. Amma ka san inda wannan hanyar ke kaiwa in ba birki. A Yunin 2020 'yan sanda suka fito da mutum sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, an kulle su a ciki kusan wata uku lokacin kullen korona, ba fita ba ganin iyali. Su ma haƙuri aka ce su yi, da alkawarin ƙarin kuɗi. Kuma abin da doka ke nema ba dukiyar Ƙaruna ba ce: kashi 10 cikin 100 na fansho daga mai kamfani, 8 daga ma'aikaci, sai kashi 1 na jimillar albashi zuwa asusun NSITF don wanda inji ya cire wa yatsa ya samu diyya. Ɗan kwangilar da kuke sakawa a tsakani, shi ma ai yana cin nasa kason daga guminsu.

Manaja: Yana ci. Amma shi ke ɗauke mana ciwon kai.

Anti Malama: Duk maganar nan maza ake ta lissafawa. Ku leƙa Dawanau ku ga matan da ke tsince zoɓo da riɗi, daga safe zuwa yamma cikin ƙura, da goyo a baya, ana biyansu a kan abin da suka tsince. Kayan nan ƙasashen waje ake kai su, da dala ake sayarwa, kuma tsabtar da mai saye ke biya dominta daga yatsunsu ta fito. Su ba sallama, ba albashi, ba wanda zai ce musu 'ya'ya. Takunkumin rufe hanci ma sai wadda ta saya da kuɗinta.

Baba Masaƙa: Yara, ku bar tsoho ya sa baki, rubutun waya yana ba ni wuya, jikata ce ke buga mini. Ni na yi aikin masaƙa a Kakuri. Masaƙa ta farko a Kaduna an buɗe ta a 1957 zamanin Sardauna, kafin a jima Kakuri ta cika da su. Muna da duk abin da Barista ke so. Takardar ɗaukar aiki, lambar ma'aikaci, asibitin kamfani, ƙungiya mai ƙarfi, Oshiomhole ma, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga cikinmu ya fito. Da kaya na waje suka cika kasuwa, wuta ta lalace, baƙin mai ya yi tsada, aka rufe get. Takardata tana nan cikin leda a ƙasan akwati. Giratutin da aka rubuta a ciki, abokaina da yawa sun mutu suna jiransa. Don haka wanda ya ce takarda ce maganin komai, ban yarda ba. In kasuwancin ya mutu, takarda ba ta dafa tuwo.

Amma Alhaji, kada ka yi murna tukuna. Lokacin da ake biyanmu, ranar albashi Kakuri ba ta barci. Mai gidan haya ya karɓa, mai tuwo ta karɓa, mahauci ya karɓa, tela ya karɓa, mai makarantar allo ya samu na laraba. Atamfar da muke saƙawa matanmu ke saye, a wurinku 'yan Kwari. Da aka sallame mu, unguwa guda ta zauna. Ku 'yan kasuwa kowannenku yana so ya biya nasa yaron kaɗan, kuma yana so yaron maƙwabcinsa ya zo da kuɗi ya yi ciniki. Kuna kukan ba ciniki, to wa zai saya?

Alhaji Na-Kwari: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ka ga ka taimake ni. Ku da takarda kun tashi a tutar babu, ni da ba takarda ga ni da shago.

Baba Masaƙa: Ni na san nawa ake bi na, ɗana. Ko gobe aka sayar da filin masaƙar, akwai lambar da zan nuna. Yaron layinku me zai nuna?

Hajiya Mai Ɗinki: Kuma ku duba shagon da ake magana a kai. Wata nawa da rabuwa? Na wuce shekaranjiya, rabin kantocin ba kaya. Masu sari daga Maraɗi da Damagaram da suka saba da wancan bawan Allah, shi suke kira a waya, ba magada ba. Bashin da ke waje shi ya san wanda zai biya da wanda sai an bi shi gida. Magada sun raba atamfa da kanta, sun bar abin da ke kawo ciniki ya fita da ƙafarsa. Shaguna nawa muka sani da suka kai jikoki a kasuwannin nan? Kaɗan ne, kuma kullum sai a ce 'ya'ya ne ba su da tarbiyya. Wani lokacin ba haka ba ne, wanda ya san kan shagon ne ba a ba shi dalilin zama ba.

Ɗan Anacha: Ya ma fara zama a bakin shagon wani a layin baya, kuma mutanensa sun bi shi.

Shugaban Zaure: Ɗan Anacha, mun ce ba nuni.

Alhaji Na-Kwari: To ku saurara. Albashi dai ba zan yi ba, na faɗa na ƙara. Yaron da na ɗauka ina so ya ji shagon nasa ne. Wa'adi kuma, a gaban mahaifinsa da shaidu biyu, wannan ba baƙon abu ba ne, ana iya yi. Amma adadin kuɗi ba zan rubuta ba. In da na rubuta wa yaro miliyan ɗaya a 2017, yau me za ta saya masa? Ni da kaina zan ji kunyar miƙa masa ita.

Akanta: Kada ka rubuta naira, Alhaji. Rubuta kaya. Dila kaza ta atamfa iri kaza, da hayar rumfa ta shekara ɗaya. Dala ta hau ko ta sauka, dila dila ce.

Alhaji Na-Kwari: In kuma ya gudu a shekara ta uku, bayan ya koyi komai ya kwashe lambobin kwastomomina? Wa zai rubuta mini tawa takardar? Wannan ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba.

Barista: A takarda ɗaya ake sakawa: in ya tafi kafin wa'adi ba da dalili ba, ga abin da ya rasa, in kai ka kore shi ba da laifin da shaidu suka tabbatar ba, ga abin da za ka biya gwargwadon shekarun da ya yi, in ka rasu, bashi ne a kan dukiya. Kwastoma kuwa ba wanda zai iya ɗaure maka shi, ko kotu.

Alhaji Na-Kwari: Ka ji ko. Ni a ɗaure, shi a sake.

Manaja: Barka da zuwa duniyarmu, Alhaji.

Anti Malama: Har yanzu dai ba wanda ya ce komai a kan matan Dawanau.

Shugaban Zaure: Anti, na rubuta, ita ce ta mako mai zuwa, kuma akwai masu sito biyu a zauren nan da suka yi shiru yau, za mu kira su da suna. Yanzu magariba ta matso. Abin da ke gabanmu shi ne mutumin layinmu. Malam, in an je wurin magada za ka je?

Malam Ƙarami: Zan je, da sharaɗin a kira abin da sunansa. Bashi za mu je tunatarwa, don mamacin ne ke ɗauke da shi a kabarinsa.

Alhaji Na-Kwari: Ni ma zan je, don babban nasu yana jin maganata. Amma ni roƙon alheri zan yi. In kuka shiga da kalmar bashi za su ɗauko nasu lauyan, a shekara ana abu ɗaya, shi kuma yana da iyali.

Malam Ƙarami: Kai ka fara magana, Alhaji. In alherin ya kai ladan irinsa, ba zan buɗe baki ba.

Alhaji Na-Kwari: Wa zai faɗi ladan irinsa?

Akanta: Zan zo da lissafi iri biyu, na albashi da na kason riba, in akwai littafin shago.

Shugaban Zaure: Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidana. Barista, kai ka zauna a mota sai an neme ka, ganinka kaɗai zai iya ɓata zaman. Ɗan Anacha, ka tambayi mutumin da ya riƙe shagon ko yana da kwafin littafin bashi, ka kuma tambaye shi ko ya yarda a je, don har yanzu ba wanda ya ji ta bakinsa.